Jagora ga Mai Son Mai da Cinikayya a Kasuwannin Kuɗi Sana'arsa

A shekarar 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hannun jari a Tarayyar Turai, wato ESMA, ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ɗaiɗaikun mutanen da ke cinikin kwangilar bambancin farashi, wato cin riba ko asara a kan motsin farashin kaya ba tare da mallakarsa ba, asara suke tafkawa, kuma tun daga lokacin aka wajabta wa dillalan yankin su rubuta adadin masu faɗuwa a jikin tallarsu. A Burazil kuma, wasu masana tattalin arziki sun bi sawun mutanen da suka fara cinikin saye da sayarwa a rana guda tsakanin 2013 da 2015, suka gano cewa a cikin waɗanda suka jure fiye da kwanaki 300 suna yi, kashi 97 cikin 100 sun ƙare da asara. Wanda zai shiga wannan sana'a ya kamata ya san waɗannan alƙaluma tun kafin ya buɗe asusu, domin duk matakan da za su biyo baya an gina su ne a kan abu ɗaya: yadda mutum zai daɗe a kasuwa jarinsa bai ƙare ba, har ya kai ga ƙwarewar da ake biya a kanta.

Mataki na farko: tantance irin aikin da kake nufi

Sunan ɗan cinikin kasuwar kuɗi ya haɗa ayyuka da dama waɗanda ba su yi kama da juna ba. Wanda ke zaune a teburin ciniki na babban bankin zuba jari yawancin aikinsa ba da farashi ne ga abokan hulɗar bankin, kamar kamfanoni da asusun fansho, yana saye daga wannan yana sayar wa wancan, yana cin ɗan bambancin da ke tsakani. Tun bayan dokar Dodd-Frank ta 2010 a Amurka, wadda ta ƙunshi ƙa'idar Volcker, an taƙaita wa bankuna yin cacar kasuwa da kuɗinsu, shi ya sa irin wancan aiki ya koma hannun kamfanonin da ke ciniki da jarinsu na kansu, irin su Jane Street da Optiver da IMC da DRW. Akwai kuma asusun zuba jari masu juya kuɗin wasu, da manyan gidajen cinikin ɗanyen kaya irin su Vitol da Trafigura da Cargill, inda ɗan ciniki ke hulɗa da jiragen ruwa da rumbunan ajiya da kwangilar kai kaya, ba lambobin da ke kan allo kaɗai ba.

Hanya ta ƙarshe ita ce mutum ya zauna shi kaɗai yana juya jarinsa. Ita aka fi tallatawa a intanet, ita ce kuma mafi wahala, domin mai ita ba shi da albashi, ba shi da wanda zai koya masa a kusa, ba shi kuma da jami'in da zai taka masa birki ranar da idonsa ya rufe. A ganina, duk wanda yake da damar shiga ta ƙofar kamfani ya fara gwada ta, ko da burinsa na ƙarshe shi ne cin gashin kansa, saboda koyo da kuɗin kamfani a ƙarƙashin idon waɗanda suka riga shi ya fi koyo da kuɗin da ya tara shekara da shekaru araha nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: ilimin da ake buƙata

Tushen sana'ar lissafi ne, musamman ilimin yiwuwar aukuwar abu da ilimin ƙididdiga. Ba dole ba ne mutum ya zama farfesa, amma dole ne ya iya fitar da kaso da matsakaici a kansa cikin sauri, ya kuma fahimci bambancin da ke tsakanin sa'a da ƙwarewa idan ya dubi sakamakon ciniki ashirin kacal. Kamfanonin da ke ɗaukar sababbin ma'aikata sun fi neman waɗanda suka karanta lissafi ko kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci ko tattalin arziki, kuma a yau iya rubuta manhaja da harshen Python da sarrafa Excel ya zama kamar iya karatu da rubutu a wannan fage.

Bayan lissafi sai sanin abin da ke motsa farashi. Kwamitin babban bankin Amurka da ke tsayar da kuɗin ruwa yana zama sau takwas a shekara, rahoton samar da ayyukan yi na ƙasar kuma yakan fito a Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe agogon Niyok, kuma a irin waɗannan lokuta farashin dala da zinariya da takardun lamuni kan yi tsalle cikin daƙiƙu. Wanda bai san jadawalin waɗannan sanarwa ba zai riƙa ganin asararsa kamar daga sama ta faɗo.

Game da takardun shaida, kowace ƙasa da dokarta. A Amurka, duk wanda ya kai shekara 18 yana iya zana jarrabawar share fage da ake kira SIE ta hukumar FINRA mai sa ido kan dillalan hannun jari, amma jarrabawar Series 57 ta 'yan cinikin hannun jari sai kamfani ya tsaya wa mutum. Shaidar CFA, ta ƙwarewa a nazarin zuba jari, tana da matakai uku, ana kuma buƙatar awa 4,000 na aikin da ya dace kafin a ba da ita. Tana da daraja a gidajen juya jari, sai dai ta fi amfanar mai nazarin kamfanoni fiye da mai ciniki na gajeren zango. Abin da ba shi da wata daraja a idon mai ɗaukar aiki shi ne takardar kwas ɗin mako biyu da wani mai nuna motoci a Instagram ya sayar.

Mataki na uku: kasuwa ɗaya, da sanin kuɗin da take ci

Zaɓi kasuwa ɗaya ka zauna a kanta aƙalla shekara guda. Kasuwar canjin kuɗaɗe ita ce mafi girma, domin binciken Bankin Daidaita Lamuran Bankunan Duniya na Afrilun 2022 ya nuna ana juya kusan dala tiriliyan 7.5 a cikinta kowace rana, kuma Landan ce cibiyarta mafi girma. Kasuwar hannun jari tana da lokacin buɗewa da rufewa, ta Niyok daga 9:30 na safe zuwa 4:00 na yamma. Kwangilar cinikin gaba, wato alƙawarin saye ko sayar da kaya a wata rana mai zuwa kan farashin da aka tsayar yau, irin wadda ake yi a kasuwar CME ta Shikago, tana da ranar ƙarewa, kuma wanda ya yi sakaci da wannan rana yana iya shiga uku: a ranar 20 ga Afrilun 2020, kwana ɗaya kafin kwangilar ɗanyen man Amurka ta watan Mayu ta ƙare, farashinta ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili, saboda masu riƙe da ita ba su da wurin ajiye man, har sai da suka biya a karɓe ta daga hannunsu.

Kowace kasuwa tana da kuɗin da take ci a ɓoye. Akwai ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, akwai la'adar dillali, akwai kuɗin kwana da ake caja idan ciniki ya wuce dare a buɗe, wanda a kasuwar canji asalinsa bambancin kuɗin ruwa ne tsakanin kuɗaɗen biyu da ake canzawa, akwai kuma zamewar farashi, wato a cika maka umarni a farashin da ya fi wanda ka nema muni. Wasu dillalai suna ba da asusun da ba a cajin ruwa a kansa, sai dai galibi sukan maye gurbinsa da wani kuɗin hidima, don haka a karanta sharuɗɗan da kyau. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe su ne ke cinye masu yawan ciniki. Brad Barber da Terrance Odean sun nazarci asusun gidaje fiye da 66,000 a Amurka tsakanin 1991 da 1996, suka ga cewa waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 cikin 100 a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da kashi 17.9.

Mataki na huɗu: lissafin asara kafin lissafin riba

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne ake bambanta mai sana'a da mai caca. Asara da riba ba su da nauyi ɗaya. Wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na jarinsa yana buƙatar ribar kashi 11 da ɗoriya ya koma inda yake, wanda ya rasa kashi 20 yana buƙatar 25, wanda kuwa ya rasa rabi sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo daidai. Saboda haka ƙwararru da yawa ba sa yarda ciniki ɗaya ya ci musu fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 na jari.

Ga yadda ake lissafin a aikace. A ce jarinka dala 10,000 ne, ka kuma yanke cewa kashi 1 za ka sa a haɗari, wato dala 100. Kana so ka sayi yuro ka biya da dala, kuma nazarinka ya nuna cewa idan farashi ya sauka da pip 50 to tunaninka ya tashi a banza, don haka nan za ka ajiye umarnin tsayar da asara. A wannan kasuwa pip ɗaya shi ne 0.0001, kuma a cikakken lot na yuro 100,000 darajarsa dala 10 ce. Ka raba dala 100 da 50, ka samu dala 2 a kowane pip, wato yuro 20,000 za ka saya, ba ƙari. Lura da jerin yadda abin ya zo: wurin fita aka fara tsayarwa, sannan aka fitar da girman cinikin daga gare shi. Sabon shiga yakan yi akasin haka, ya fara da girman da zuciyarsa ke so, sannan ya nemi inda zai saka iyakar asara, ko ma ya ƙi saka ta gaba ɗaya.

Dalilin ƙanƙantar wannan kaso shi ne jerin asara, wanda babu makawa sai ya zo. Ɗauki tsarin da ke cin nasara sau 40 cikin 100, ribarsa dala 200 idan ya ci, asararsa dala 100 idan ya faɗi. A matsakaici kowane ciniki yana kawo dala 20, domin 80 ne ke shiga 60 ke fita, kafin a cire la'ada. Tsari ne mai kyau, amma a cikin ciniki 200 yiwuwar ya faɗi sau takwas a jere ta fi rabi. Mai sa kashi 1 a haɗari zai fito daga wannan jeri da asarar kusan kashi 8 cikin 100, ya ci gaba da aikinsa. Mai sa kashi 10 zai fito ya rasa kashi 57, yana buƙatar ribar fiye da kashi 130 kafin ya farfaɗo, kuma da wuya ya ci gaba da bin tsarin da ya kai shi wannan hali, ko da tsarin ba shi da laifi.

Sai batun ninkin jari, wato bashin da dillali ke ba ka don ka riƙe cinikin da ya fi kuɗinka. ESMA ta ƙayyade shi a ninki 30 ga manyan kuɗaɗen duniya, ninki 5 ga hannun jarin kamfani guda, ninki 2 ga kuɗin kirifto. A ninki 30, motsin kashi 3 da ɗigo 3 cikin 100 ya isa ya shafe kuɗin jinginarka. A ninki 500 da wasu dillalan da ke wajen waɗannan dokoki ke tallatawa, motsin kashi 0.2 ya wadatar. Kuma umarnin tsayar da asara ba garanti ba ne. A ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin yuro da faran, kuɗin ƙasar, ba tare da gargaɗi ba, faran ya yi tashin kusan kashi 30 cikin 100 a 'yan mintuna, babu mai saye a tsakani, aka cika umarnin mutane a can ƙasa da inda suka ajiye shi, wasu suka wayi gari dillali yana bin su bashi. Kamfanin dillanci na Alpari na Birtaniya ya durƙushe a kan wannan, dillalin FXCM kuma sai da ya karɓi rancen dala miliyan 300 kafin ya tsira. Darasin shi ne a riƙa duba jimillar abin da aka riƙe, ana tambayar abin da zai faru idan farashi ya tsallake iyakar da aka sa.

Mataki na biyar: rubutaccen tsari da littafin ciniki

Tsari shi ne amsar tambayoyi kaɗan a rubuce: a wane yanayi nake shiga, ina nake fita idan na yi kuskure, ina nake fita idan na yi daidai, nawa nake sa wa a haɗari, yaushe ba na ciniki sam. Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma kwanaki da yawa kasuwa ba ta ba da komai. A 1983 wasu 'yan ciniki biyu, Richard Dennis da William Eckhardt, sun ɗauki mutanen da yawancinsu ba su taɓa sana'ar ba a Shikago, suka koya musu ƙa'idojin bin alƙiblar farashi cikin kusan mako biyu, suka ba su kuɗi. Ƙa'idojin iri ɗaya ne, amma sakamakon ɗaliban ya bambanta, kuma babban abin da ya raba su shi ne wa ya iya bin ƙa'ida a lokacin da take ciwo.

Gwada tsarin a kan bayanan farashi na shekarun baya, tare da saka la'ada da ratar farashi a lissafin. Ka yi hattara da gyara shi har ya dace da tarihi ɗari bisa ɗari, domin tsarin da aka ɗinka wa jiya riga daidai jikinta ba ya shiga gobe. Ware wani ɓangare na bayanan da ba za ka duba ba sai ka gama, sannan ka gwada a kansa sau ɗaya. Daga nan sai asusun gwaji na wata biyu ko uku, wanda amfaninsa koyon manhaja ne da kama kurakuran hannu, ba auna zuciya ba, tunda kuɗin bogi ba ya hana barci.

Kowane ciniki a rubuta shi: rana, dalilin shiga, girma, wurin fita, sakamako, da ko an bi ƙa'ida ko an karya ta. Bayan ciniki ɗari littafin zai nuna maka halinka. Abin da ya fi fitowa shi ne saurin karɓar ƙaramar riba da jinkirin yanke asara, ɗabi'ar da Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana tushenta tun 1979, cewa zafin rashi ya fi daɗin samu ƙarfi a zuciyar ɗan Adam. Wannan littafi kuma shi ne hujjar da za ka nuna wa mai ɗaukar aiki ko mai zuba jari.

Mataki na shida: dillali da kuɗin gaske

Kafin ka tura ko sisi, nemi lambar lasisin dillalin, ka duba ta a rajistar hukumar da ya ce tana sa masa ido, kamar FCA a Birtaniya ko NFA a Amurka ko ASIC a Ostireliya, ka kuma tabbata reshen da za ka buɗe asusu da shi ne ke da lasisin, domin kamfani ɗaya yana iya samun reshe a Landan da wani a tsibirin da doka ba ta da ƙarfi. Fara da kuɗin da rashinsa ba zai taɓa abincinka ko hayarka ba, ka gwada cire wani abu daga ciki da wuri don ka ga yadda ake biya. Kamfanonin da ke sayar da jarrabawar samun jari, inda ake biyan kuɗin shiga a yi ciniki bisa sharuɗɗa, a san cewa da yawansu kuɗin shigar waɗanda suka faɗi ne babbar hanyar samunsu. A ɗauke su a matsayin wurin horo mai tsada, a kuma karanta sharaɗin iyakar asarar rana kafin a biya.

Mataki na bakwai: neman aikin, ko barin wanda kake yi

Babbar ƙofar shiga kamfanoni ita ce horon ɗalibai na hutun bazara, wanda ake neman gurbinsa kusan shekara guda kafin lokacin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Hirar ɗaukar aiki takan ƙunshi yin lissafi da ka ana duba agogo, tambayoyin yiwuwa da ɗan lido ko kati, da wasan ba da farashi inda za a ce ka faɗi nawa za ka saya nawa za ka sayar da abin da ba ka san ainihin darajarsa ba, ana kallon yadda kake gyara farashinka idan sabon bayani ya zo. Wanda bai samu teburin ciniki kai tsaye ba yana iya shiga ta sashen kula da haɗari ko sashen daidaita lissafin ciniki, mutane da yawa ta nan suka hau.

Idan ka samu kujerar, za a ba ka iyakar abin da za ka riƙe da iyakar asarar rana, kuma ɓoye asara shi ne laifin da ba a yafewa. Nick Leeson ya ɓoye tasa a wani asusu mai lamba 88888 a reshen bankin Barings na Singafo, yana ƙara girman cinikinsa don ya rama, har ta kai fam miliyan 827 a 1995. Bankin da aka kafa tun 1762 aka sayar da shi fam ɗaya, shi kuma ya tafi gidan yari. A 2008 bankin Société Générale na Faransa ya yi asarar yuro biliyan 4.9 wajen warware cinikin da Jérôme Kerviel ya ƙulla fiye da izininsa.

Mai son cin gashin kansa kuwa ya yi wannan lissafi kafin ya ajiye aikinsa. Ribar kashi 20 cikin 100 a shekara, idan ta ɗore, sakamako ne da manyan masu juya jari ke alfahari da shi, amma a kan jarin dala 10,000 dala 2,000 ce kacal. Wanda ke buƙatar dala 24,000 a shekara yana buƙatar jarin dala 120,000 a wannan ƙima, kafin haraji, kuma riba ba ta zuwa wata-wata kamar albashi. Ƙaramin jari tare da buƙatar kuɗin cefane shi ke tura mutum ya ƙara girman ciniki fiye da ƙa'idarsa. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne shekara biyu na sakamakon kuɗin gaske a rubuce, wanda ya ratsa kasuwa mai tashi da mai sauka, da ajiyar kuɗin rayuwa na shekara guda a wani asusu dabam da ba ya haɗuwa da na ciniki, da kuma adadin asarar da ka rubuta tun yanzu cewa idan jarin ya sauka zuwa gare shi za ka rufe komai ka koma asusun gwaji. Ka kuma nemi akanta ya bayyana maka yadda dokar ƙasarka ke lissafin harajin ribar ciniki tun a shekarar farko, ka ajiye bayanan kowane wata da dillali ke turowa.